Kiɗa kai tsaye a bikin muhalli: a bar shi ko a cire?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa a Unguwar Rimi da ke Kaduna tana shirya bikin zane-zane da waƙoƙi kan kare muhalli ranar 5 ga Yuni, amma wasu daga cikinmu sun ce kawo makaɗa da janareta da manyan lasifika ya saɓa wa saƙon bikin. Shin mu cire kiɗan gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokan aikinki suna da hujja, domin lita guda ta man dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma ba ya kyautuwa a tsaya ana wa'azin tsabtar iska alhali hayaƙi yana tashi a bayan dandamali. Sai dai a shekarun da na yi ina haɗa sauti a taruka, na lura cewa jama'a sukan kewaya zane su wuce, amma in aka buga kalangu sai su tsaya. Shawarata ita ce ku bar kiɗan, ku gyara yadda za a yi shi.

Ku fara da zaɓen makaɗa. Yawancin kayan kiɗanmu na gargajiya daga daji suka fito, kuma wannan shi ne abin da na fi so ku nuna wa mahalarta. Jikin kalangu itace ne da aka sassaƙa aka rufe da fata. Goge ƙwarya ce da fatar guza, tsirkiyarta kuwa izgar doki ce. Sarewa kara ce ko gora. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, da gwangwanin kifi ake yin sa, wato abin da wani zai jefar a bola shi ya zama abin sana'a tun kafin a fara maganar sake sarrafa shara. Idan kuka ba makaɗi minti biyar kafin ya fara, ya faɗa da bakinsa irin itacen da ake sassaƙa gangarsa da kuma nisan da masassaƙi ke tafiya yanzu kafin ya same shi, saƙon saran itatuwa zai shiga kunnen mutane fiye da doguwar lacca, musamman a gari irin Kaduna inda kowa ke ganin motocin gawayi da itacen girki suna shigowa kullum.

Irin wannan kiɗa ba ya buƙatar wuta mai yawa. A yawancin taruka fitilu ne ke shan wuta fiye da lasifika, don haka in kuka sa kiɗan tsakanin La'asar da Magariba, batir da inbata da aka caja da sola za su iya ɗaukar makirfo kaɗan da lasifika biyu. Ku gwada kayan kwana ɗaya kafin biki na tsawon lokacin da za a yi wasan.

Ƙarar sauti ma gurɓata muhalli ce, kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idoji a kanta tun 2009. Sautin da ya wuce ma'aunin desibel 85 yana cutar da ji in ya daɗe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa kada sautin wuraren kiɗa ya wuce desibel 100. Ku juya lasifika ta fuskanci masu kallo, ta ba gidajen maƙwabta baya, a kuma nisantar da yara daga gabanta. A dakata in an kira salla.

Sai ledar ruwa, wadda ita ce ke toshe magudanai har ta kai Kogin Kaduna. Bikin kiɗa na Glastonbury da ake yi a Ingila ya hana sayar da ruwan roba mai amfani sau ɗaya tun 2019. Ku kuwa randuna da kofunan silba da mai wanke su sun wadatar.

Abu na ƙarshe da za ki tuna shi ne 5 ga Yuni damina ce a Kaduna. Danshi yana sa fatar ganga ta saki, muryarta ta mutu, saboda haka ku tanadi rumfa mai kyau da busasshen wuri inda makaɗa za su ajiye kayansu, a kuma ɗaga wayoyin wuta daga ƙasa.