Tambaya da Amsa: Hayar Ciki da Falo a Dogon Bene Mai Cikakkiyar Hidima

Tambaya: Malam, an mayar da ni aiki wani babban birni, kuma dillali ya nuna mini ciki da falo a hawa na 14 na wani dogon bene mai masu gadi dare da rana, da ma'aikacin karɓar baƙi da saƙonni, da lifta, da ɗakin motsa jiki. Ya ce irin gidan da ake kira kondo ne, kuma kuɗin hayarsa ya fi na sauran da na duba. Mene ne bambancinsa da gidan haya na yau da kullum, kuma me zan bincika kafin in sa hannu? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, Allah ya sa wannan sauyin wurin aiki ya zame miki alheri. A kondo kowane sashe yana da mai shi daban, amma ƙofar shiga, da lifta, da rufin bene, da wuraren hutawa mallakar dukkan masu sassan ne, kuma ƙungiyarsu ce ke tafiyar da su ta hannun kwamiti ko kamfanin da suka ɗauka. Saboda haka idan kika kama wannan haya za ki zauna ƙarƙashin iko biyu: mai sashen da za ki riƙa biyan kuɗi, da ƙungiyar da ta kafa dokokin ginin, waɗanda za su hau kanki ko da ba ki taɓa ganin 'yan kwamitin ba.

Wannan shi ne abin da na fi so ki kula da shi. Ki nemi kwafin dokokin ginin tun kafin ki biya komai, ki karanta su a tsanake, domin a cikinsu ne za ki ga ko an yarda mai sashe ya ba da haya, ko sai kwamiti ya amince da ke tukuna, da tsawon kwanakin da baƙo zai iya yi a wurinki, da lokutan da aka hana hayaniya. Gine-gine da yawa suna karɓar kuɗin tarewa, suna kuma buƙatar a keɓe lifta a ranar da za a shigo da kaya. Tunda aikinki ya haɗa da kwanan asibiti, ki tabbatar da yadda ake shiga da fita da tsakar dare.

Sai batun kuɗi. Masu sassa suna biyan ƙungiya kuɗin hidima duk wata, wanda daga cikinsa ake biyan ma'aikata da gyaran wuraren tarayya. Bisa al'ada mai sashen ne ke biyansa, ya kuma lissafa shi cikin haya, shi ya sa kika ga farashin ya ɗaga. Ki sa a rubuta wannan ƙarara a yarjejeniya, tare da bayanin wanda zai biya wuta, ruwa, intanet da wurin ajiye mota, domin sau da yawa wurin motar ba ya cikin hayar. A wasu wurare, idan mai sashe ya ƙi biyan kuɗin hidima, ana iya hana ɗan hayarsa amfani da ɗakin motsa jiki da makamantansa, don haka ba laifi ba ne ki tambaya ko ana bin sa bashi.

Kada kalmar cikakkiyar hidima ta sa ki ɗauka cewa ma'aikatan gini za su gyara miki komai. Aikinsu yawanci ya tsaya ne a wuraren tarayya, amma idan firiji ko famfon cikin sashenki ya lalace, mai sashen za ki nema, kuma zai yiwu yana zaune a wata ƙasa. Ki karɓi lambar wakilinsa, a kuma rubuta wa'adin gyara. Haka nan inshorar gini ba ta shafi kayanki ba, sai kin yi taki ta 'yan haya.

A ganina, ga mace mai dawowa gida cikin dare, tsaron ƙofa da karɓar saƙonni sun cancanci ƙarin kuɗi, matuƙar hayar ba ta danne albashinki ba. Ranar karɓar makulli ki ɗauki hoton kowane lungu don kare kuɗin ajiyar da kika bayar a matsayin jingina, sannan ki nemi a ƙara sharaɗin cewa ko mai sashen ya sayar da shi, za ki ci gaba da zama har wa'adin yarjejeniyar ya cika.