Amsoshin tambayoyinku: jadawalin gini, sayen siminti da manhajar tsara aiki

Wani ɗalibi daga Samaru ya ce an ba su aikin zana jadawalin wata kwangila, sai wani ya yi masa tayin manhajar tsara aiki ta Microsoft Project, ta sata, a filashi da kuɗi kaɗan. Yana tambaya ko ya saya.

Kada ka saya, ɗana. Irin wannan manhaja sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa, ranar miƙa aiki kwamfutar ta ƙi tashi. ProjectLibre da GanttProject kyauta ne, ka sauke ɗaya. Excel ma ya ishe ka: jera ayyuka a hagu, kwanaki a sama, ka shafa launi a kwanakin da kowane aiki zai ci. Jadawalin Gantt ke nan, wanda Henry Gantt ya yaɗa a Amurka wajen shekarun 1910, da fensir da takarda.

Wata Hajiya daga Hanwa ta rubuto cikin damuwa. Da kuɗin adashi take gina wa marayunta gida. Magini ya ce wata uku, ga shi an shiga na shida ba a kai ga rufi ba. Tana tsoron tashin farashi, tana so ta saye duk simintin da ginin zai ci yanzu ta ajiye.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki gyaruwa yake yi. Amma ki dakata da sayen nan. Siminti yana shan danshin iska ko da ba a buɗe buhun ba, ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa. A daminar Zariya kuwa, musamman watan Agusta, a ɗakin da ba a yi wa daɓe ba, sai ki tarar da na ƙasa sun zama dutse. In dole ne a ajiye, a shimfiɗa katako, a nisanta shi da bango, kada a ɗora fiye da buhu 10 a tsaye, a lulluɓe da leda, a fara amfani da wanda ya riga zuwa. Rodi da bulo da kwanon rufi sun fi jure ajiya, in kina son kuɓutar da kuɗi ki sa su a nan, ki samu mai gadi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu ke sayen kayan gini bisa jita-jitar kasuwa, alhali jadawalin aiki ne ya kamata ya faɗi ranar saye. A ga tayil mai kyau a Sabon Gari a kwaso, ko linta ba a zuba ba. A sayi fenti ya shekara a lungu ya daskare. Ranar zuba dekin, da ake bukatar siminti da tsakuwa da yashi da leburori a yini guda, sai a ce kuɗi sun ƙare. Mai gaggawa kuma shi ne abincin masu algus: buhun da aka farke aka rage aka sake ɗinkewa, da rodin da ake kira mai milimita 12 alhali bai kai ba. Buhu kilo 50 ne. A ɗora biyu ko uku a sikeli a gaban mai shago, a duba ɗinkin bakin, a matsa a ji ko akwai dunƙule. Mai kayan kirki ba zai ji haushi ba.

Hajiya, ki zauna da maginin da takarda, ki sa ya lissafo ayyukan da suka rage, kowanne da kwanakinsa da aikin da yake jira. Bulo yana jiran tushe, linta tana jiran bulo, rufi yana jiran linta, filastar ciki tana jiran rufi. Wannan sarƙa mafi tsawo ita ke yanke ranar gamawa. Masana suna bin wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1950. Kwana ɗaya ya ɓata a cikinta, ranar tarewa ta matsa da kwana ɗaya. Ƙofofi da tagogi suna da sarari, mai walda zai iya yinsu a shagonsa ana cikin gini. Bututun wayarin da na ruwa kuwa dole su shiga kafin filasta, in ba haka ba a fasa bango ki biya sau biyu. Ki cire rabin yinin Juma'a, da hutun Sallah, da kwanakin da leburori ke tafiya gona. Kuɗin aiki a biya mataki-mataki: a gama linta ki gani da idonki, sannan ki saki na gaba.

Wani malami daga Tudun Wada yana tambayar yadda zai ƙiyasta kwanaki, tunda kafintansa kullum "jibi" yake cewa.

Malam, nemi lamba uku a wurinsa: in komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. A ce 4 da 6 da 14. Ninka ta tsakiya sau huɗu, 24, haɗa da sauran biyun, 42, raba gida shida. Kwana 7 za ka rubuta.

Wani Alhaji daga Kwangila kuma wai in ya ninka leburori, za a iya cire katakon dekin a kwana biyar a ɗora bene?

Haba Alhaji! Leburori ɗari ba za su sa kankare ya yi ƙarfi da wuri ba. Kwana 28 yake ɗauka kafin ya kai ƙarfin da aka auna shi a kai. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a hunturu safe da yamma saboda iska na busar da shi ya tsattsage. Sandunan da ke tallafe da shi su zauna sati biyu zuwa uku gwargwadon faɗin ɗakin, kuma injiniya ne zai ce a cire. Leburorin da kake son ƙarowa ka sa su haƙa ramin masai ko su tada katanga kafin lokacin.