Gyaran littafi bayan ya fita

'Yar uwa kin tambaya ko ya dace marubuci ya ci gaba da gyara littafinsa na intanet bayan ya sake shi, tunda fayil ne ba takarda ba. Eh, ki gyara kuskure, amma kar ki taɓa labarin. Harafin da ya faɗi, sunan tauraruwa da ya canja tsakanin babi na 3 da na 9, shafin da ya hargitse in an buɗe a waya, duk wannan haƙƙin mai karatu ne ki gyara masa. Amma canja ƙarshen labari ko cire babi guda, wannan sabon bugu ne, ki rubuta "bugu na biyu" a bango kowa ya sani.

Ni na taɓa sake rubuta babi biyu wata huɗu bayan fitar littafina, sai wata mai karatu ta turo min hoton wata jimla da ta shiga ranta, ta ce ƙawarta ta saya ta neme ta sama ko ƙasa ba ta gani ba, wallahi jikina ya yi sanyi don da hannuna na goge ta. Kuma ki sani a Kindle, manhajar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, sabon fayil masu saye na gaba yake zuwa wa, waɗanda suka riga suka saya tsohon ne a hannunsu sai in Amazon ta tura musu gyaran. Yanzu tara kurakuran nake a takarda ɗaya, in sun yi yawa in gyara su lokaci guda.