Kira na biyu bayan an buɗe da 1♣ a wasan karta na birij

Malam, ka tambayi abin da mai buɗewa (wanda ya fara kira, wato faɗin lamba da nau'in kati) zai kira a karo na biyu idan ya buɗe da 1♣, abokin wasansa ya amsa da 1♠. A tsarin Amurka, idan kai ne mai buɗewa kuma katunanka sun daidaita (wato yawansu a ♣, ♦, ♥ da ♠ kusan ɗaya ne), 1NT (NT na nufin babu nau'in katin da ke cin sauran) na nuna maki 12 zuwa 14 (makin manyan katuna: A, K, Q da J), 2NT kuma 18 zuwa 19. Da ♠ huɗu da maki kaɗan, sai ka ɗaga zuwa 2♠.

Inda aka fi yin kuskure, a ganina, shi ne kiran 2♥, domin yana alkawarin kusan maki 17 ko fiye, da ♣ da suka fi ♥ yawa, kuma dole abokinka ya sake kira. Mai maki 13, ♣ shida da ♥ huɗu, 2♣ zai ce.