Amsa kan harsashin da babu dalma na farautar barewa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa Kalifoniya. Na ga tambayarka, ka ce kana da raifil .308, kana so ka fita barewa bana, an ce maka harsashin dalma haramun ne a nan, kuma ka rasa wanda za ka saya tsakanin Barnes TTSX da Hornady CX da Nosler E-Tip, sannan wani ya tsorata ka cewa na jan ƙarfe irin waɗannan ukun ratsa dabba kawai yake yi ya wuce, ta gudu da rauni. Toh bari in faɗa maka abin da na gani, don na jima ina harbi da su.

Maganar doka gaskiya aka faɗa maka. Tun 1 ga Yulin 2019 duk faɗin jihar nan ba a farautar komai da harsashin dalma, kafin nan tun 2008 an hana a yankunan da wata ƙatuwar ungulu mai suna kondo take, saboda tana cin kayan cikin da mafarauta suke bari a daji, dalmar ta kashe ta. Hukumar kula da namun daji ta jihar tana da jerin harsasan da ta amince da su, duba kafin ka biya kuɗi, amma ukun nan da ka lissafa ba su da matsala.

Ni kuma ko da babu doka ba zan koma dalma ba, kuma ba don ungulu ba, don tukunyata. Harsashin dalma in ya shiga jiki farfashewa yake yi, ya watsa ɓurɓushi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A 2008 sai da aka janye naman barewar da ake rabawa mabuƙata a jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota bayan an ɗauki hoton naman da na'urar da ke ganin ciki an ga dalma a ciki, kuma gwajin da hukumar Minnesota ta yi a kan tumaki ya nuna ɓurɓushin kan yi tafiyar sama da ƙafa guda daga inda harsashi ya bi. Mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Naman nan dambu ake yi da shi a gidana yara su ci.

Yanzu ainihin maganar. Sunan kamfani ba shi ne abin dubawa na farko ba, nauyin harsashin da gudunsa su ne. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashin jan ƙarfe mai giren 150 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi) ya fi na dalma mai giren 150 tsawo, kuma ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, sai ya daki dabba da gudu sosai kafin bakinsa ya buɗe. Kamfanonin kan ce wajen ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a daƙiƙa ya isa, ni dai ba na son ya sauka ƙasa da 2,200 a lokacin da ya taɓa dabba, don a ƙasa da haka buɗewar ƴar kaɗan ce. Yawancin masu kukan nan na ya ratsa ya wuce, in ka bincika za ka tarar mutum ya saba da giren 180 na dalma, sai ya je ya sayo 180 na jan ƙarfe ya zuba a .308, gudu ya ragu, ya kuma harba daga nesa, ina zai buɗe? A bindigarka 150 ka nema, ko ma 130. Mai 150 yana fita da gudun wajen ƙafa 2,800 zuwa 2,900 a daƙiƙa, mai 130 ya haura 3,000, kuma kada ƙanƙantar ta dame ka don harsashin nan ba ya zubar da nauyinsa, kusan yadda ya shiga haka yake fita. Barewar gaɓar tekun nan mai baƙar wutsiya ma ba wata babba ba ce, 130 ya ishe ta har da ragi.

TTSX shi na fi harbawa. Jan ƙarfe ne zalla, da ɗan tsinin roba a baki wanda ke tura ramin ya buɗe, da zobba a jikinsa masu rage matsi a cikin bututu. Na taɓa tono ɗaya a ƙarƙashin fatar cinya bayan ya shiga ta ƙirji ya bi tsawon jiki, bakin ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya kamar an ɓare ayaba, gefen da kaifi har ya yanke ni a yatsa, gindin kuwa ko lotsawa bai yi ba. CX na Hornady shi ya gaji tsohon samfurinsu GMX, shi da E-Tip gauraye ne, jan ƙarfe da ɗan zinki. A ganina sun ɗan fi TTSX tauri, suna son gudu, amma ba sa barin datti da yawa a bututu. A jikin dabba in dai ƙasa da yadi 300 ne wallahi in aka ajiye maka barewa uku ba za ka iya nuna wacce aka harba da wanne ba. Bambancin yana wajen bindiga, wata tana tara TTSX wuri ɗaya ta watsa E-Tip, wata kuma akasin haka, kuma ba yadda za ka sani sai ka gwada. Sayi kwali ɗaya-ɗaya na guda biyu, eh akwai tsada na sani, ka je filin gwaji a yadi 100, wanda ya fi taruwa shi ne naka. Kafin nan ka wanke bututun tas da maganin cire jan ƙarfe, kuma ka sake saita madubin hangen bindigar, don ba inda na dalma yake sauka nan wannan zai sauka ba.

Wajen harbi ma akwai ɗan canji. Da dalma mun saba sa wa a bayan kafaɗa don kar a ɓata nama. Da jan ƙarfe in ka yi haka ta mutu kam, huhu biyu sun huje, amma za ta iya zura gudu ta yi ƴar tafiya kafin ta faɗi, kuma a cikin sarƙaƙiyar dajin nan ga zafin watan Agusta in yankin farauta na A za ka shiga, ba ka son ɓata lokaci wajen nema nama yana dahuwa a rana. Ni nakan matso gaba kaɗan, in bi layin ƙafar gaba in hau kamar kashi ɗaya cikin uku na jiki, ya taɓa ƙashi. Ƙashin yana taimaka masa buɗewa, kuma naman da ke lalacewa kaɗan ne, kana iya yanka har kusa da ramin, ba irin baƙin jinin nan na harbin dalma da ke cinye rabin kafaɗa ba. Tunda kusan kullum yana fita ta ɗaya gefen, jini yana zuba ta rami biyu, bin sawu ba wuya. Sai dai wannan fitar ita ce abin tsoro, ka duba abin da ke bayan dabbar kafin ka ja kunama, in wata barewar ce a tsaye a baya ka jira, in kan tudu take babu ƙasa a bayanta ka haƙura da ita.

Akwai wani iri da ƴan Turai suke amfani da shi kamar RWS Evolution Green, mai kuza a ciki, shi an yi shi ne ya farfashe da gangan don dabba ta faɗi nan take, amma a shagunan nan da wuya ka gan shi, kar ka wahalar da kanka.

Bismillah dai lokacin harbi, wuƙa mai kaifi a ƙugu, in ka iske ta da sauran rai ka yanka. In ka dawo daga filin gwajin ka turo hoton takardar da ka harba mu ga yadda suka taru, ka kuma faɗa min tsawon bututun bindigar, don in gajere ne irin inci 18 ɗin nan to 130 zan ce ka tsaya a kai.