Ninkawa za a yi ko tarawa? Amsa ga mai tambaya kan lissafin yiwuwa

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce WAEC ta ƙarato, kuma in aka ba ki tambayar yiwuwar abu biyu sai kanki ya ɗaure, ba kya gane ko ninkawa za ki yi ko tarawa. Wallahi ba ke kaɗai ba ce, na daɗe ina yi wa 'yan SS3 lesin da yamma kuma kusan kowa a nan yake tuntuɓe.

Ajiye fomula tukunna ki ɗauko dayis ɗin ludo. Fuska 6 gare shi, in kin jefa sau ɗaya, yiwuwar 2 KO 5 ta fito ita ce 1/6 + 1/6 = 1/3. An tara ne saboda ba yadda za a yi 2 da 5 su fito tare a jifa ɗaya, in wannan ya zo wancan ya fita.

To amma siki fa, wato 6 DA 6 a dayis biyu? Nan na farko babu ruwansa da na biyu, kowa harkar gabansa yake yi, sai ki ninka: 1/6 × 1/6 = 1/36. Shi ya sa ki ga mutum ya daɗe yana kaɗawa siki ya ƙi zuwa.

Inda na fi so ki natsu shi ne idan abu na farko ya taɓa na biyu, don ni kaina a nan na zubar da maki a jarabawar gwaji lokacin ina sakandare kuma har yau abin yana min ciwo. Ranar da zan koyar da wannan da goro nake shiga aji, fari 5 ja 3 a baƙar leda, sai in ce yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba. Yiwuwar ya ɗauko fari 5/8 ce. In farin ya ɗauko, sai in ce ya riƙe shi a hannu, in tambayi aji yanzu goro nawa ne a leda, nan za ki ga ido ya buɗe, saura 7, farare kuma 4. Kenan fari da fari: 5/8 × 4/7 = 5/14. Da ya mayar da goron cikin leda kafin ɗauka ta biyu, da 5/8 × 5/8 ne, 25/64. Don Allah ki riƙa ja layi a ƙarƙashin inda tambaya ta ce an mayar ko ba a mayar ba, ni abin da na tsallake kenan.

Kuma ba kowace "ko" ake tarawa kai tsaye ba. Dayis biyu, yiwuwar 6 ta fito a wannan ko wancan ba 6/36 + 6/36 = 12/36 ba ce, don kin ƙirga siki sau biyu, sai kin cire shi ɗaya ya zama 11/36.

Gwada wannan da goron nan ba tare da mayarwa ba: fari ɗaya ja ɗaya. Hanya biyu ce, fari sannan ja, ko ja sannan fari, ki ninka kowace sannan ki tara su. In kin samu 15/28 kin gane. In wani abu daban ya fito ki ɗauki hoton aikinki ki turo nan mu duba tare bayan isha'i.