Mariƙin rufin ɗakin jirgin ruwa ya tsufa: katako za a mayar ko ƙarfe?

Tambaya: Na sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ƙirar shekarun 1970, jikinsa na faiba ne, wato zaren gilashi da aka haɗa da gam. Mariƙan katakon da ke kan rufin ɗaki, waɗanda ake riƙewa da hannu yayin tafiya a kan jirgin, sun sirance, ɗaya ma ya tsage, kuma in an yi ruwan sama sai in ga ɗigo ta ciki, daidai inda aka ɗaure su. Katako zan mayar ko ƙarfe?

Amsa: Malam, ɗigon nan ya fi tsagewar katakon tayar mini da hankali. Yawancin jiragen faiba na wancan zamani rufinsu hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, tsakiya kuma katakon balsa ko filawud, don a samu ƙwari ba tare da nauyi ba. Duk ramin noti da ya ratsa rufin hanya ce ga ruwa. Da ya shiga sai balsar ta jiƙe ta ruɓe, notin ya rasa abin kamawa. Saboda haka kafin ka sayi komai, ɗauki ƙotar sukudireba ka bi gefen mariƙin kana ƙwanƙwasa rufin. Wuri mai lafiya ƙara yake yi ƙwas-ƙwas, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake. Bayan ka cire tsohon mariƙin, lanƙwasa ƙusa ka zura cikin kowane rami ka ƙwaƙulo. In abin da ya fito baƙi ne mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, to nan aikinka zai fara.

Batun zaɓi kuma, katakon tik yana da mai a jikinsa, shi ya sa yake jure ruwan gishiri. Ba ya ƙona hannu a rana, ba ya santsi sosai in ya jiƙe, kuma yana yarda a lanƙwasa shi ya bi tsarin rufin. Aibinsa biyu ne: yana son kulawa, kuma mai kyau ya yi wuya, musamman tun 2021 da Amurka da Tarayyar Turai suka ƙaƙaba wa kamfanin katako na gwamnatin Myanmar, ƙasar da tik mai kyau ke fitowa, takunkumi. Katakon iroko na iya maye gurbinsa in kafinta ya san aikinsa. Bututun ƙarfe mara tsatsa mai kaurin milimita 25 ba ya neman komai sai gogewa, amma ka tabbata samfurin 316 ne, domin 304 yana fitar da tabon tsatsa a iskar teku. Sai dai ƙarfe ba ya lanƙwasuwa da hannu, dole mai walda ya auna rufin ya yi shi daidai. A ganina, in rufinka mai lanƙwasa ne kuma da kanka za ka yi aikin, ka tsaya kan katako. Kada ka jefar da tsohon, da shi za a auna sabon.

Tambaya: Wani ya ce in ɗaure da sukuru kawai, in zuba gam ɗin 3M 5200, ba sai na buɗe silin ɗin ciki ba. Haka ne?

Amsa: Don Allah kada ka yi haka. Wannan abu ne da mutum zai rungumo da dukan nauyinsa sa'ad da igiyar ruwa ta karkata jirgi. Sukuru ba abin da yake kamawa sai siririyar fatar faiba. Noti ake so wanda ya ratsa rufin gaba ɗaya, da faffaɗar washa ko farantin ƙarfe ta ciki. In jirgin na da mariƙi a cikin ɗaki, mafi kyau a haɗa na ciki da na waje da noti guda, kowanne ya tokare ɗan'uwansa.

Shi kuma 5200 gam ne na dindindin. Ranar da aka zo cirewa, yakan taho da fatar rufin. Silikon ma ban yarda da shi a nan ba, yana barin maiƙon da ke hana wani abu mannewa daga baya. Tef ɗin butil, wata roba mai danƙo da ke toshe ruwa, na fi so: ba ya bushewa, yana miƙewa in mariƙin ya motsa.

Ramukan su ne wurin da ya kamata ka ɓata lokaci. In notinka milimita 6 ne, faɗaɗa ramin ta sama zuwa kamar milimita 12, ka ƙwaƙule balsar da ke kewaye, ka bar wurin ya bushe sarai. Toshe ƙasan da tef, ka cika da ifoksi mai kauri, wato gam ɗin da ke daskarewa ya yi tauri. Bayan ya daskare sai ka sake huda milimita 6 a tsakiyarsa, ka ɗan fafe bakin ramin don butil ya samu wurin zama. Yanzu ko ruwa ya bi notin, ba zai taɓa balsa ba, kuma ɗauri ba zai murƙushe rufin ba. Tsofaffin ramukan da ba su dace da sabon mariƙin ba, a cike su haka nan.

Wajen ɗaurawa ku kasance ku biyu. Fara daga baki ɗaya, noti bayan noti, ana lanƙwasa katakon a hankali. Na waje ya riƙe kan notin kada ya juya, na ciki ya ɗaure, don in notin ya juya zai yage butil ɗin. Toshiyar katako da ke rufe kan noti a sa ta da banish, ba da ifoksi ba, yadda za ta ciru nan gaba.

Tambaya: In na ɗaure shi da kyau, zan iya maƙala igiyar tsaron jikina a jikinsa?

Amsa: A'a. Mariƙi na hannu ne, ba a yi shi don fizgar mutumin da ya faɗa ruwa ba, kuma katako na iya karyewa tsakanin ƙafafun mariƙin. Igiyar tsaro tana da nata zoben ƙarfe da nata layin da ake shimfiɗawa daga gaban jirgi zuwa baya, a can za ka maƙala ta.